Gandiroban da Yaya Ya Gani a Mina

A unguwar Shisha ta Makka aka haife mu, ni da yayana. Shi ya fara zuwa Najeriya da sarin dabino, rigimar kasuwa ta jefa shi gidan yari yana jiran shari'a. A can wani gandiroba ya sa masa ƙahon zuƙa, don Hausarsa gauraye take da Larabci. Ranar da Yaya ya yi ƙorafi kan abinci, mutumin ya sa aka danne shi a bakin kwata, ya tattake masa hannun hagu har yatsu suka kakkarye, ya bi bakinsa da kulki. Haƙoransa na gaba a kwatar suka zube.

Da aka sake shi ba a same shi da laifi ba, wata lauya ta shigar masa da ƙara a Babbar Kotun Tarayya kan take masa haƙƙi. Ya dawo Makka, shari'a kuwa kullum sai a ɗage.

Da aikin Hajji ya zo, muka fita Mina tura tsofaffin alhazai a keke, yadda muka saba. Muna hanyar jifa, Yaya ya tsaya cak. Wani ƙato ne cikin harami yake shan ruwa.

"Ka gane ni?" in ji Yaya.

"A ina fa, ɗan'uwa?"

Yaya ya buɗe masa baki ya nuna giɓin. Kafin in saki kekena ya kai masa karo a hanci. Suka zube kan kwalta, Yaya ya hau ruwan cikinsa yana naushi da hannunsa mai lafiya, jini ya ɓata farin haramin. Mata suna salati. Na riƙo shi ta baya ina cewa, "Yaya, ka ji tsoron Allah, Mina ce fa!" Gwiwar hannunsa ta fasa mini leɓe.

Da askarawa suka iso, gandiroban ya goge hanci ya ce musu turereniya ce ta kayar da shi. Har yau ban san ko kunya ce ko tsoro ba.

Lauyar ta yi wa Yaya faɗa sosai a waya, ta ce saura ƙiris ya rusa mata aiki. Daga baya kotu ta ba Yaya gaskiya, aka kori gandiroban daga aiki. Da ta kira da labarin, Yaya ya ce "Alhamdulillahi," ya miƙo mini wayar in ƙarasa godiyar.