Gayyar Cin-cin ta Mama Rifkatu

Bana shekara tara ke nan da Mama Rifkatu ta riga mu gidan gaskiya, amma har yau in watan Disamba ya kama, na ji ƙamshin man gyaɗa a kasko, sai in ji kamar za ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ladi, in barci kike yi, Kirsimeti ba za ta jira ki ba!" Maƙwabciyata ce a Trikania. Ba ita ta haife ni ba, amma tun da aka kawo ni unguwar ina amarya ta riƙe ni kamar 'yar cikinta.

Ita ta kafa mana gayyar cin-cin. In biki ya matso, matan layinmu kan hallara a tsakar gidanta tun da hantsi, kowacce da kwanon fulawarta. A kwaɓa, a murza da kwalba, a yanka da almakashi, ana waƙoƙin majami'a ana tsokanar juna. Suya kuwa tata ce ita kaɗai, wa ya isa ya matsa kusa da kaskon? Kek ɗinta a gwangwanayen madara take gasa shi, cikin tukunya mai yashi, ya fito jawur. Mace ce mai faɗa, ba zan ɓoye ba don ba ta nan. In kika yanka cin-cin ya yi kauri, sai ta ɗaga shi sama ta tambayi jama'a ko bulo aka zo bugawa.

Tana da wata doka da ba ta sassautawa: kowacce ta zo da kwanonta a rufe, ta miƙa mata hannu da hannu. Ita za ta shiga kicin ta juye a babban baho, ba mai binta. Da yamma a raba abin da aka soya daidai wa daida. Mun ɗauka son iko ne kawai, har muna yi da ita a bayan ido.

Yanzu jikokina ta waya suke sayen kek, a kawo shi a kwali da ado kamar amarya, a ɗauki hotonsa kafin a sa masa wuƙa. Na san da tana nan za ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta ce suga ya yi yawa, sannan ta nemi ƙari. Ba abin da zai dame ta a nan. Abin da zai dame ta shi ne kowa ya rufe ƙofarsa yana suya shi kaɗai, gidan da ba a ɗora kasko ba kuma babu wanda ya sani.

Ni na san zafin wannan. Shekarar da aka rufe masaƙar da maigidana yake aiki a Kakuri, tuwo ma da kyar muke samu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ran Kirsimeti yara kan bi gida gida, baƙi su shigo gaisuwa, kuma gidan da bai fito da cin-cin a faranti ba, kafin yamma an san halin da yake ciki. Kunya ta kama ni. Ranar gayya na ja ƙofa na zauna, na ce kaina ke ciwo.

Sai ga ta da kanta, hannu duk fulawa. "Ciwon kai bai hana riƙe almakashi. Ɗauko kwanonki ki biyo ni."

Na kakkaɓe abin da ya rage a leda, ko gindin kwanon bai rufe ba. Na ɗora murfi na bi ta. A gaban mata duka ta karɓa, ta ranƙwafa kamar an ɗora mata dutse. "Wash! Ladi, so kike ki karya mini hannu?" Ta shige kicin. Da yamma na koma gida da cin-cin cike da kwano har da kek a sama, yarana suka yi Kirsimeti kamar na kowa. Ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko da ido. Lalle ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Sai a zaman makokinta na ba da labarin, don na ga bai kamata a binne shi da ita ba. Ban rufe baki ba Asabe, matar da ke ƙarshen layinmu, ta fashe da kuka. "Yaya Ladi, ni nawa kwanon ba komai a ciki, murfi kawai na ɗora." Wata ta ce ita ma haka, wata ta sunkuyar da kai. Ashe yawancin mazanmu a masaƙar nan suke ci, kuma kowacce ta yi shekaru tana zaton ita kaɗai aka rufa wa asiri. Muka dubi juna: to fulawar da ta cika baho daga ina ta fito?

'Yarta Hannatu ce ta ce ta tuna shekarar. Akuyar da suka kiwata tun damina don biki ta ɓace ana gab da gayya, uwar ta ce musu tsinke igiya ta yi. Suka zaga har Mahuta suna cigiya, ita ko tashi ba ta yi ba. Ranar Kirsimeti shinkafa da miya suka ci, babu nama.

Tukunyar yashin ta fashe tuni, gayyar ma ta watse, wasu matan sun tashi, wasu sun bi Mama gidan gaskiya. Ba ta bar gida na gani na faɗa ba, sunanta ba ya jikin kowane gini. Amma akwai manyan maza da mata a garin nan, 'ya'yana a cikinsu, waɗanda in ka tambaye su za su rantse ba a taɓa yin Kirsimetin da gidansu ya rasa ba. Ni kuma ban gyara musu ba. Allah ya ba ki hutawa, Mama.