Ƙyauren Da Ya Ƙi Hawa Mota

Mai Ƙyaure ake ce masa a layin, jikokinsa ma da haka suka san shi. Kafinta ne, a kan sana'ar ya tsufa, amma ba ƙofofin da yake yi wa mutane ne suka jawo masa sunan ba. Ƙyauren gidansa ne, wanda ya haɗa da katakon maɗaci a shekarar da ya yi aure. Nauyi gare shi, sai ƙarti biyu sun kama. Rana da hannun mutane sun mayar da shi baƙi, kuma a gefensa akwai ramukan ƙusa iri-iri, na gidajen da ya taɓa tsarewa.

Gidan farko a bayan kasuwa yake. Da aka zo faɗaɗa kasuwar, ya cire ƙyaurensa ya ɗora a mota. Na biyu kusa da tasha, shi kuma gadar sama ta bi ta kansa, ya sake cirewa. A nan ne abokai suka laƙaba masa sunan, wai shi da ƙyauren ba a san wanda ya fi wani yawo ba. Na uku ya gina shi a bakin gari, lokacin da wurin gonaki ne, babu wuta babu famfo. Ɗaki ɗaya ya fara, ya ƙara na biyu, daga baya ya fitar da shago a gaba inda yake aikinsa. Kafin autarsa ta gama makaranta gari ya biyo shi, ya wuce shi, har an daina ganin ƙarshen rufin kwano.

Unguwar ta cika, amma titi bai zo ba. Da damina layin kan koma rafi, mota ba ta shiga. Shi da kansa ya taɓa tura matar maƙwabcinsa a baro zuwa bakin kwalta tana naƙuda. Saboda haka da aka ce za a yi titi da kwata, yana cikin waɗanda suka yi murna. Murnar ta koma ciki ne ranar da ma'aikatan ofishin filaye suka bi layin da bokitin jan fenti, suka shafa wa kowane gida alamar rushewa. Aka ce duk wanda abin ya shafa za a ba shi ɗaki da falo a sababbin benayen da hukuma ta gina can bayan gari.

Mutanen unguwa irin wannan sun san abin yi in fenti ya hau bango. Ba a jiran katafila. Kowa ya kwance kwanonsa da katakon rufi da tagogi da ƙofofi, ya tsira da su, ya bar mata bulo ta ci. Cikin 'yan kwanaki layin ya cika da ƙarar guduma. Babban abokinsa, tsohon direban bas da ke gidan kusa, yana kan rufinsa yana ɓamɓarar kwano ya leƙo.

"Mai Ƙyaure, kai da ka fi kowa iyawa, kai za ka zama na ƙarshe? Ko tsufa ne ya hana ka ɗaga guduma?"

"Tsufan da bai hana ka hawa sama kamar ƙadangare ba? Sauko kada ka karye mana."

"Na samo mota, da wurin ƙyaurenka a ciki."

"Ya gama hawa mota. Jiri take sa shi."

Direba ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Babbar 'yarsa, mai aikin jinya, ita ba ta yi dariya ba. Ta zo da hotunan benayen a wayarta, tana nuna masa.

"Baba, dubi, famfo a cikin ɗaki. Wuta. Babu taɓo. Don Allah kada ka sa mu kwana da fargaba a kan tsohon bulo."

Ya karɓi wayar ya duba a tsanake, bai kushe ba. Gini ne mai kyau. Sai ya tambaye ta a wane hawa ne, ta ce na uku. Ya tambaye ta inda zai ajiye bencin aikinsa, da wanda zai yi wannan tafiya ya kawo masa gyaran kujera.

"Uwata, sau biyu na tashi ban ce uffan ba," in ji shi. "Duk inda suka kai mu, mu ne muke cike rami, mu jawo wuta, mu sa wurin ya zaunu. Da ya zama gari sai a ce mun tare hanya. Ni ban tare wa kowa hanya ba. Hanyar ce ta same ni."

Matarsa tana gefe tana ninke wanki. 'Yar ta juya gare ta neman taimako.

"Ni kada ki dube ni," ta ce. "Gwiwar nan tawa ba ta hawa bene. In katafilar ta zo ta tarar da ni a tsakar gida, ta gaishe ni."

Washegari ya je wurin injiniyan titin, wani matashi mai hular kwano da ke kafa turaku a bakin layi. Ya yi masa sallama, ya ce yana so ya ga iyakar inda titi da kwata za su tsaya. Injiniya ya bi da shi har gidan, ya ja igiya. Ta ratsa shagon gaba ɗaya, ta ɗauki bishiyar da ke ƙofar gida, ta tsaya daf da bangon ɗakunan kwana.

"To sauran gidan fa, me ya yi?"

"Baba, ni titi aka ba ni. Abin da ke bayan igiya na ofishin filaye ne, su suka ce a share layin duka. Gidan da babu rufi babu mutane kango ne, muna ture shi mu wuce. Wanda ke da mutane a ciki kuma ba shi cikin aikina. Amma ban yi maka alkawarin komai ba."

"Ban nema ba, ɗana. Bar mini igiyar kawai."

Da hannunsa ya rushe shagon. Ya fitar da benci da zarto da sauran kayan aiki, ya sauke kwanon, ya sa guduma a bangon da shi ya ɗora shi. Jan fentin ya faɗi tare da bangon. Bulon da bai fashe ba ya ware, ya kira surukinsa magini, suka tayar da sabuwar katanga a bayan igiya, da ratar tafin hannu. Sannan suka kama ƙyauren su biyu, suka ja da shi baya 'yan taku kaɗan, ya buga masa sababbin ƙusoshi.

Direba ya tsaya da motar kayansa a ƙofar gidan, ya daɗe yana kallo.

"Wallahi taurin kanka ya fi na katakon nan."

"Ka gaida bene. In ka ga gari ya iso ku, ka dawo, akwai tabarma."

Ranar da katafila ta shigo layin, da hantsi ne. Ta bi gidajen da aka kwashe ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta rufe ko'ina. Mai Ƙyaure ya fito da bencinsa ya ajiye a bakin ƙofa, ya ɗauko wata kujera mai karyayyar ƙafa ya hau gyara. A ciki matarsa ta hura wuta, hayaƙi na tashi ta saman katanga. 'Yar ma ta zo, da kayan aikinta a jiki, ta tsaya a bayansa fuska a ɗaure.

Katafila ta tumɓuke bishiyar, ta kwashe ɓaraguzan shagon, bakinta ya wuce ta gaban katanga har ƙasa ta girgiza. Sai ta tsaya. Wani jami'in ofishin filaye ya sauko daga mota da sauri.

"Dattijo, wa ya ba ka izinin wannan gini? Ina alamar da muka sa?"

"Tana cikin abin da katafilarku ta kwashe. Abin da titi ya nema na ba shi, da hannuna. Wannan da ya rage ɗakin kwanana ne."

Jami'in ya juya wurin injiniya. Injiniya ya nuna masa igiya, ya ce aikinsa ya tsaya a nan, kuma siminti na jiransa a gaba. Mutane sun fara taruwa, wasu sun ɗaga waya. Jami'in ya goge zufa, ya ce za su dawo da fenti.

"Ku dawo," in ji Mai Ƙyaure. "Sai dai ku ƙwanƙwasa, akwai iyali a ciki."

Titin ya kammala, kwata ta bi ta ƙofar gidan, ya ɗora mata gadar katako. Shago dai ya tafi. Yanzu a ƙarƙashin wata 'yar rumfa yake aiki, rana na dukansa daga azahar, ƙarar motoci ba ta barin matarsa ta yi barcin rana. Inda gidajen maƙwabta suke a da, an kewaye da langa-langa, an ce shaguna za a gina. Maganar gidansa kuwa tana ofis, ba a ce ya zauna ba, ba a ce ya tashi ba.

Direba kan biyo wani lokaci, ya yabi ruwan famfon bene, ya yi ƙorafin nisan hanya, ya ce har yanzu da wurin ƙyauren a mota. Mai Ƙyaure sai ya miƙa hannu baya ya bubbuga katakon.

"Tambaye shi da kanka. Ni na tambaya, ya ce yana nan."