Masunci a Cikin Tankin Esansi

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa na yi aiki a wani depo na man mota a Gaya, kusa da inda jirgin fito ke sauke manyan motocin da ke tahowa daga Dahomey. Tankuna ne na ƙarfe a tsaye bisa dakalin siminti, an kewaye su da waya. Aikina awo. Da safe in hau tsani, in zura sanda mai zane ta bakin tanki, in ga inda esansi ya tsaya. Da yake na yi lakwal, wato makarantar boko, ni ne kuma tafintan Nasaran da ke riƙe da depon.

Wannan Nasara ya san aikinsa, kuma shi ya sa har yau ban yafe masa ba. Da bakinsa ya koya mini cewa tururin esansi ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya yake yi a gindin tanki. Shi ya nuna mini ƙaramar ƙofar da ke jikin tanki daidai gwiwar mutum, ya ce kafin kowa ya shiga ciki sai an buɗe ta, an buɗe ta sama, an bar iska ta yi ta ratsawa har warin ya mutu.

Sai labari ya zo cewa mai duba tankuna yana tafe daga Yamai, yana son ya ga gindin babban tankin, ko tsatsa ta ci shi. Aka kwashe man. Ya rage dagwalon da ya yi shekaru yana taruwa a ƙasa, baƙi, mai kauri kamar kunu. Aka je buɗe ƙofar ƙasa, ta ƙi. Kusoshinta sun haɗe da tsatsa, don kowace shekara fenti ake shafa musu a kai, ba a taɓa kwance su ba. In an matsa za su karye, sababbi kuwa sai an aiko daga bakin teku. Nasara ya dubi ƙofar, ya dubi hanyar Dosso inda mai dubawa zai ɓullo, ya ce da ni, "An ce masuntan nan suna daɗewa a ƙarƙashin ruwa ba numfashi. A nemo mini gwaninsu."

Na ce masa tanki ba kogi ba ne. Ya ce ba shawarata ya nema ba, ya aiki mai gadi.

Gwanin da kowa ya sani a wannan gaɓa, har zuwa Tounouga, mijin yayata ne. Washegari da hantsi ya shigo depo da abokan sana'arsa, cikinsu da wani dattijo wanda tun yana saurayi shi ke riƙe masa igiya in zai yi nutso. Yana hango ni ya fara tsokanar da ya saba.

"Ɗan lakwal! An ce Nasaranka ya duba gidansa kaf bai sami namiji ba, sai da ya aika bakin kogi."

"Yaya, don Allah ka koma. Abin da ke cikin nan ba ruwa ba ne."

"To mene ne, dorina?" Mutanensa suka kwashe da dariya. "Ni da nake kwance taru a gindin kogi kana tsotson yatsa? Ungo hulata, riƙe mini, aikinka ke nan. Kada ka sa, ta fi ƙarfin kanka."

Nasara ya yi taka-tsantsan ƙwarai, wannan ba zan ɓoye ba. Ya karɓe ashanar kowa. Ya sa mijin yayata ya cire zobe da wuƙa da duk wani ƙarfe a jikinsa, aka ba shi gugan fata da katakon kankara, kada ƙarfe ya gogi ƙarfe wuta ta tashi. Duk abin da zai iya ƙona tankin ya hango shi. Abin da zai kashe mutum ya bar tankin lafiya lau, wannan bai dame shi ba. Ya koma inuwa ya zauna.

Muka hau kan tankin, ƙarfe na ƙona mana tafin ƙafa. Aka ɗaura wa mijin yayata igiya a ƙugu. Ya ja numfashi kamar yadda yake yi a bakin jirgi, ya bi tsanin ciki ya sauka, ya cika guga, ya hawo. Ya yi haka ya sake. Amma nutso a ruwa daban, hawan tsani cikin zafi da kankarar dagwalo daban, dole ƙirji ya nemi iska. Na lura idanunsa sun yi ja, ƙafafunsa na rawa, yana dariyar da ba dalili, har ya fara waƙa. Na ce a tsaya haka nan, abin ya fara bugar da shi. Dattijon ya ce, "Daɗin aiki yake ji. Kai dai riƙe hula."

Ya sake sauka. Wannan karon bai hawo ba.

Masuntan gaɓarmu suna da ƙa'ida: wanda ya yi nutso ba a jan igiyarsa sai shi ya girgiza ta. A kogi wannan hankali ne, don mai nutso yakan shiga ƙarƙashin kututture, in ka fizge shi ka maƙale shi. Ban da haka, jawo gwani kafin ya nema zagi ne, kamar ka ce shi ba ɗan ruwa ba ne, kuma gidaje sun ɓata a kan abin da bai kai wannan ba. Saboda haka dattijon ya tsuguna, igiya a kwance a tafin hannunsa, yana jira.

Na leƙa ta bakin tankin, warin ya daki fuskata. Da idona ya saba da duhun na gan shi, yana kife cikin dagwalo.

"Baba, ya faɗi! Ku ja!"

"Bai girgiza ba."

"Ta yaya zai girgiza, ya suma!"

Na kai hannu, ya buge mini shi. "Kai, mijin yayarka za ka kunyata a gaban Nasara? Ka san iya daɗewar da yake yi a ruwa kuwa?"

Na ture shi, na kama igiyar ta bayansa, na ƙwala wa mai gadi kira ya hawo, muka ja mu biyu, igiya na yanka mana hannu a bakin ƙarfe. Sai da suka ji nauyin da ke jikinta, nauyin wanda ba ya taimakon kansa, sannan sauran suka sa hannu. Muka fito da shi baƙi ƙirin, leɓɓansa sun canja launi, kumfa a bakinsa. Nasara ya taso daga inuwa, ya ba da mota a kai shi likita, sannan ya tambaye ni ko an gama kwashe dagwalon.

Mai dubawa ya iso bayan kwanaki kaɗan. Ya hau tsani, ya toshe hanci da hankici, ya haska fitila ta sama, ya ce gindin tanki lafiya. Ya yaba sabon fenti. Ƙofar ƙasa, wadda in ya sa hannu zai ga ba ta buɗuwa, ya wuce ta bai tsaya ba. Ni na fassara wa ma'aikata yabon.

Mijin yayata ya farfaɗo, amma ba shi ne ya dawo ba. Hannunsa na dama ya riƙa karkarwa, maganarsa ta yi nauyi, kuma yakan yanke jiki ya faɗi ba sanarwa. A bakin kogi kuwa aka yanke hukunci. Ba wanda ya ambaci Nasara, ba wanda ya ambaci ƙofar da tsatsa ta rufe. Cewa aka yi ni na jawo, na fizge gwani kafin lokacinsa, na karya masa tsarin da ya gada. Dattijon ya faɗi haka a gaban jama'a, kuma aka yarda da shi. Na yi bayanin tururi da nauyinsa har na gaji, suna kallona kamar mai neman wanke kansa.

Yayata ba ta ce da ni komai ba, ko na laifi ko na godiya. Ta hana mijinta shiga ruwa, ta koma sayen kifi a hannun wasu tana banda tana kai wa kasuwa. Shi kuma ya wuni a gaɓa yana kallon masu fita kamun kifi. Ran nan tana kasuwa ya lallaɓa ya kwance jirginsa shi kaɗai. Da la'asar aka tsinci jirgin a cikin ciyayi can ƙasa da gari. Ciwon ya kama shi a tsakiyar kogi, Allah ya sa cikin jirgin ya faɗa.

Da aka kawo shi gida ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi ruwa. Sannan ta ari gatari a maƙwabta ta sauka bakin kogi, masunta na tsaye suna kallo. Ta faskara jirgin nan tun daga kai har gindi, ta ɗauro itacen ta kawo gida. Da shi ta yi bandar kifi har ya ƙare.