Waƙar Gwaggo a Ƙarƙashin Kwano

Ban san wanda ya fara kawo shawarar a riƙa yin taron waƙoƙinmu a tsakiyar damina ba, amma ko wane ne, na daɗe ina jin haushinsa. Ƙauyenmu yana bayan duwatsun Roni, ta ɓangaren Gwiwa. Mu Hausawa Kirista ne, 'yan tsiraru, ga maƙwabta Musulmi da rugagen Fulani kewaye da mu, kuma cocinmu bai fi ajin firamare girma ba. Ni ne mai koya wa mawaƙan cocin waƙa. Ba murya na fi kowa ba, an dai duba an ga ni malamin makaranta ne, na saba da yi wa mutane tsawa.

Kowace shekara cikin watan Agusta, mawaƙan ƙananan coci-coci na wajen Kazaure da Gwiwa sukan zo wurinmu a kan babura da a-kori-kura, mu yini muna waƙa, wannan ƙungiya ta tashi waccan ta zauna. Na sha roƙon dattawa a mayar da taron rani. Wani dattijon coci, mai fataucin hatsi zuwa Babura, shi ne kullum yake ba ni amsa, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba.

"Malam, da rani wa za ka samu? Da an ɗaure gero samarin nan sun tafi cin rani, 'yan makaranta sun koma. Kai da tsofaffi da awaki za ku yi waƙar?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Duk masu babbar muryar da nake da su, da rani suna Kano da Abuja suna dako da gini. Damina ce kaɗai take tara mu, ita ce kuma take hana a ji mu.

Matsalar rufi ce. Ina yaro cocin na ƙasa ne, rufin azara, komai ruwa in mata sun ɗauki waƙa sai ka ji ta zauna daram a cikin ɗakin. Da aka samu hali aka rushe, aka yi na bulo, aka buga kwano mai sheƙi, har daga kan dutse ana hango shi. Silin kuwa aka ce sai bayan kaka. Kakar nan ta zo ta wuce ba adadi. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin kwano tsirara ana tafka ruwa ba, ba zai gane ba. Ko na kusa da kai ya yi maka magana, leɓensa kawai za ka gani.

Ga kuma wahalar koyon waƙar ita kanta. Mutane su taso daga gona da yamma, ƙafa duk taɓo, baya a sage, in ce su ja numfashi su riƙe, sai su yi mini hamma a fuska. Wannan ya ce yana maimai, wancan ya ce shanu sun shiga masa gyaɗa. Akwai wani ƙato a layin baya, in na juya wajen mata sai ya jingina da bango ya yi barci abinsa, in na juyo ya buɗe baki kamar da shi ake yi tun ɗazu.

Duk wannan da sauƙi, na saba. Shekarar da nake son ba da labari dabam take, saboda Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tun ban zo duniya ba ita ke ba da waƙa a cikin matan coci, su kuma suna amsawa da tulu da ƙwarya. Tana da wata doguwar waƙa da ta koya wurin surukarta, waƙar godiya ce, a cikinta ake ambaton mutanen da suka kwaɓa ƙasar cocin farko, da unguwannin da suka watse, da shekarun yunwa da na ƙoshi. Muryar waƙar irin ta mutanen dā ce, wadda ake yi a bakin dutsen niƙa. Ba a rubuta ta ko'ina ba. Mata sun iya amshi, ni na iya farkonta, sauran kuwa yana cikin kan Gwaggo ita kaɗai. Ta yi shekaru ba ta rera ta duka ba, don muryarta ta yi siriri, ba ta jure dogon tsayi. A shekarar ne ɗanta da ke Kaduna ya ce da an gama kaka zai zo ya ɗauke ta, gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, ba mai barin ta ita kaɗai a ɗaki. Sai ta aiko a kira ni, ta ce bana za ta yi waƙar daga farko har ƙarshe a wurin taro, ta yi sallama da ita.

Na yi murna, na kuma tsorata. Na zaro waya na ce, "Gwaggo, yi mini ita yanzu in ɗauka, mu ajiye, ko da wani abu."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Wani abu kamar me? Mutuwa kake yi mini fata?"

"Haba Gwaggo, ni na isa?"

"To mayar da abin nan aljihu. Ni ba na yi wa ƙarfe waƙa. Waƙar Allah ce, a ɗakin Allah ake yin ta, a tsaye, gaban jama'a. Ba hirar tsakar gida ba ce."

Na koma na sake komawa, har da tsarabar goro. Ta karɓi goron, ta hana waƙar. Ko a wurin koyo, baiti biyu take yi ta tsaya, ta ce tana adana murya, sauran sai ranar. Wallahi akwai yammacin da na fita daga gidanta ina magana ni kaɗai a hanya, har wata mai tallar nono ta ratse ta ba ni wuri.

Na shirya mata 'yan kiɗa kaɗan: mata biyu da tulu, ɗaya da ƙwarya, da wani tsoho mai molo. Samarinmu masu kaɗa kibod, fiyanon nan mai lantarki, suka ce su ma sai sun shiga, na ce ko yatsa ɗaya ya taɓa abin nan zan cire wayarsa in jefa a rijiya. Abin da na yarda da shi kawai, a ajiye makirfo kusa da ita, ko za a buƙata.

Sai fari ya shigo. Ruwa ya ɗauke a lokacin da gero ke neman fitar da kai, ganye ya nannaɗe, gyaɗa ta kwanta. Maƙwabtanmu Musulmi suka fita bayan gari roƙon ruwa, mu ma muka duƙufa a coci. Ni ma ina da gona, ni ma da geron nan nake ciyar da gidana, na ce amin da ƙarfi kamar kowa. Amma ba zan ɓoye ba, a cikin zuciyata nakan ƙara da cewa, "Ya Ubangiji, bayan Asabar." Asabar ɗin ce ranar taron. Wa zan gaya wa wannan? A garin manoma, cikin fari, ka buɗe baki ka ce ruwa ya dakata maka saboda waƙa, ai sai a ce ka taɓu.

Ranar Asabar gari ya waye tas, sai dai wani irin zafi mai nauyi, wanda duk ɗan ƙauye ya san abin da ke bayansa. Tun kafin baƙi su gama sauka na ja Fasto gefe.

"Baba Fasto, don Allah a sa Gwaggo ta fara. Dubi garin nan."

Ya dafa kafaɗata yana murmushi. "Malam, ka taɓa ganin mai gida ya ci abinci kafin baƙo? Baƙi su yi, yaranmu su yi, babba ta rufe taro. Haka muka tarar."

Na je wurin Gwaggo ko za ta goyi bayana. Tana zaune ta sha sabon zane, ta ɗaura kallabi har goshi. Ta ce, "In yi waƙa kafin jikokina, sannan in zauna su rufe mini taro? Je ka nemi aikin yi, ɗan nan."

Na nemi wuri kusa da tagar gabas na zauna, kuma a gaskiya ban ji waƙar kowa ba a ranar. Mawaƙan wajen Kazaure suka tashi da rigunansu iri ɗaya, suka yi waƙa, jama'a suka yi tafi, sai suka ga ai an ji daɗi, suka sake ɗauko amshin daga farko. Na leƙa taga, ga wani ɗan baƙi can a gindin sama, bayan duwatsu. Na wajen Gwiwa suka tashi, shugabansu ya ce kafin su fara yana da 'yar gajeruwar magana. Ya gode wa Fasto, ya gode wa matar Fasto, ya gode wa waɗanda suka dafa shinkafa, ya ba da labarin yadda tayarsu ta yi faci a hanya. Baƙin nan ya taso ya ci rabin sama. Na ɗaga wa mai gabatarwa hannu ina nuna masa taga, shi kuwa ya ɗaga mini nasa yana dariya, ya zaci gaishe shi nake yi. Da aka zo kan mawaƙana, na yanke waƙoƙinmu biyu, na kora sauran da gudu kamar ana bin mu, har ƙaton layin baya ya farka yana raba ido.

Sannan aka kira Gwaggo. Kafin a kamo hannunta a kawo ta gaba, iska mai sanyi ta shigo ta taga, da ƙanshin ƙasa. Na ga kawunan maza sun juya waje gaba ɗaya. Na danna waya na ɗora a kan benci.

Tulu ya fara, molo ya bi. Gwaggo ta gyara tsayuwa ta ɗauki waƙar, muryar siririya amma ba ta rawa, coci ya yi tsit. Mata suka amsa. Ta gama baiti na biyu, na ce a raina, to, ga shi nan, daga nan ne ban sani ba. Sai na ji ƙwas a kan kwano. Sai wani ƙwas. Sai sama ta ɓalle gaba ɗaya.

Wata mata ta rangaɗa guɗa, saura suka ɗauka. Maza suka miƙe suna ɗaga hannu sama, wasu suka fita tsakar ruwan da rigunansu na taro. Dattijon nan mai hatsi na gan shi yana kuka yana dariya. Matan Fulani masu nono da suka raɓe a bakin ƙofa suka shigo daga baya da ƙorensu, aka matsa musu. Na yi tsalle na fizgo makirfo na kai bakin Gwaggo, ashe samari sun riga sun kashe janareta sun kinkimo shi ciki, don wayar wutar tana kwance a cikin ruwa.

Gwaggo ba ta tsaya ba. Idonta a rufe, hannu ɗaya a kan sanda, ɗayan yana ba masu tulu lokaci, su kuma hannun suke bi, don su ma ba sa jin ta. Na matsa har kafaɗata tana gogar tata, na kai kunne. Ina ganin jijiyar wuyanta ta miƙe, ina ganin bakinta yana kiran sunayen mutanen da ban taɓa ji ba, ba kuwa zan ji ba. Abin da ke shiga kunnena kwano ne kawai. Ban taɓa jin takaici irin na wannan tsayuwar ba. Ga abin da na yi shekaru ina nema ana zubar da shi a gabana, kowa kuma murna yake yi, kuma suna da gaskiya.

Ta kai ƙarshe, ta buɗe ido, ta nemi kujera. Ruwan bai tsagaita ba sai can wajen la'asar, baƙi kuma suka yi ta haramar tafiya kafin rafi ya cika ya tare hanya. Na durƙusa gabanta.

"Gwaggo, ba wanda ya ji. Don girman Allah ki sake, ko mu kaɗai ne, ga masu tulu ba su tafi ba."

Ta goge fuska da gefen zane. Muryar ta dushe, da ƙyar take fita. "Na yi ta duka, ban bar ko baiti ɗaya ba."

"Na sani, amma ba a ji ba."

"Wanda na yi wa ya ji," in ji ta. "Miƙo mini sandata."

Na miƙa mata. Na san ba ƙarya ta yi ba, amma ni ban ji ba, kuma ni ne zan tsaya gaban yaran nan baɗi.

Washegari muryar ta tafi gaba ɗaya, Gwaggo ta yi ta fama da tari har aka yanke gero. Da muryar ta dawo, ta magana ce kawai, ba ta waƙa ba. Geron shekarar ya yi kyau ƙwarai, rumbuna suka cika, ɗanta ya zo da mota ya tafi da ita. Da albarkar wannan kakar ce dattawa suka tashi tsaye aka buga silin. Yanzu ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ana jin mai waƙa sarai har layin baya. Nakan tsaya a ƙarƙashinsa in ji raina yana ɓaci, mata su yi baiti biyun da muka sani, su maimaita amshi, su zauna.

Abin da na ɗauka yana nan a wayata. Farkonsa muryarta ce, tas, sai ƙwas ɗin nan, sai ruwa har ƙarshe. Na taɓa kunna wa dattijon nan mai hatsi, ya saurara ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, ruwan ranar nan ya yi albarka." Ni kuwa nakan manna wayar a kunne, in toshe ɗayan da yatsa, ina neman Gwaggo a cikin ruwan. Har yau ban same ta ba.