Na Raka Yayana Wurin Mai Allurar China

Mun tashi da asuba a Tozai, ni da yayana, amma ba mu hau hanya ba sai da rana ta fito muka ga mashina sun fara wucewa, don yanzu, saboda 'yan bindiga, ba wanda yake son ya zama na farko a hanyar nan. Ni wanzami ne, gado na yi. Shekara ashirin ina yi wa yayana ƙaho saboda ciwon baya, sai ga shi ya ce Sabon Birni za shi, wai akwai mai allurar China. Wallahi abin ya ci mini rai. Na ce sai na raka shi, ba don zumunci ba, so nake in kama mutumin da laifi in dawo in baza a gari.

Gero ya fitar da kai hagu da dama, mai mashin kuwa mitar tsadar fetur yake yi har muka shiga Isa. Nan muka sha kunu da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ƙwallon dabino. A motar Sabon Birni ba hirar da ake yi sai ta mai allura. Wata tsohuwa ta ce hannunsa da albarka. Na juya kai ina kallon gonaki.

Shagon nasa ɗan ƙarami ne a bayan kasuwa, benci biyu cike da mutane, har da masu zuwa daga tsallaken iyaka. Cikin layin na ƙirga mutum uku da na san tabon ƙahona a bayansu. Ɗaya ya gaishe ni yana sunkuyar da kai. Na amsa da ƙyar saboda kishi.

Da muka shiga na kafa masa ido. Dattijo ne, an ce tsohon ma'aikacin asibiti ne da ya je ya koyo aikin. Ya wanke hannu, ya goge fatar wanda ya riga mu shiga da sifirit, ya yage leda ya fito da allurai sirara kamar gashin wutsiyar doki. Duk wadda ya cire sai ya jefa ta cikin wani galan mai murfi. Na yi ta jira ya maimaita ko guda, bai yi ba.

Na tambaye shi da gatse ko abin nan ba ya kisa. Bai ji haushi ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Ya ce yana iya yi. Idan wanda bai iya ba ya zurfafa allura a ƙirji, tana huda huhu. Idan aka soka wa mutum biyu allura ɗaya, ciwon hanta na iya bi. Ya ce mai ciki da mai shan maganin tsinka jini ba ya taɓa su sai likita ya yarda.

Sai yayana ya tuɓe riga. Mutumin ya daɗe yana duban tabon bayansa, ya ja fatar idonsa ƙasa ya ga ya yi rawaya, sannan ya mayar da alluransa cikin kwali. Ya ce ba zai soka masa komai ba, asibiti za a je a auna jini tukuna.

"Malam, wa ka yi maka ƙaho? Aska guda shika yi ma kowa da ita?"

Ina tsaye, zabira rataye a kafaɗata ƙarƙashin babbar riga. Yayana bai ko dube ni ba.

"Wani na, can garinmu. Ba ka san shi ba."

Aka ɗibi jininsa a asibiti, aka ce mu dawo jibi. A hanya yayana ya saya mana fura wurin wata Bafulatana ya miƙo mini ludayi. Da muka sauka Isa na sulale na sayi kwalin reza da sifirit.

Mun iso gida kafin la'asar. Ko allurar China na magani, ban sani ba, ban ga wanda ya shiga da sanda ya fito da gudu ba. Kuma har yanzu ina kishin dattijon nan, ba zan ɓoye ba. Amma abin da na je nema a shagonsa, a zabirata na same shi. Askar da babanmu ya bar mini, wadda ta bi bayan rabin garin nan ba abin da nake goge ta da shi sai tsumma, na naɗe ta na sa ƙasan akwati. Jibi ni ma za ni miƙa hannu a auna.