Zulai Mai Kitso da Ambulan ɗin Jami'a

A unguwarmu a Anka, in mace ta ce za ta kitso, ba a tambayarta wurin wa. Wurin Zulai za ta. Akwai wasu masu kitson, har da 'yan matan nan da ke kwaikwayo daga waya, amma Zulai ce ta riƙe kawunan matan unguwa tun daga amare har tsofaffi. Ni Ramlatu katanga ce kawai ta raba gidanmu da nata, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Asalinta 'yar ƙauyen Sunke ce. Can aka haife ta, can ta auri Lado, manomin da ya ajiye fartanya ya koma haƙar zinari lokacin da kowa ya koma. Shekarar da gubar dalma ta shiga yara, ta binne 'ya'yanta mata biyu a damina ɗaya. Ƙaraminsu Nazifi shi ma ya fara sanƙarewa, sai likitoci suka kwaso su zuwa Anka, aka yi ta ba shi magani har ya tashi. Ba ta sake komawa Sunke da zama ba. Lado ya biyo ta, bai daɗe ba ya rasu, ita kuma ta zauna da kibiyar kitsonta da mataji ta raini yaron har ya zama saurayi.

Kitsonta yana da kyau, amma gaskiya hannunta yana da zafi. In ta ja miki shuku, sai kin kwana biyu kina gaisawa da mutane gira a sama. Abin da ya tara mata mata shi ne amana. Kowace mace a nan ta san gashi ba abin wasa ba ne. An ce da sili ɗaya ake yi wa mutum sammu in ya faɗa hannun mai mugun nufi, kuma ko kin yarda ko ba ki yarda ba, ba ki barin naki a tsakar gidan wani. Zulai in ta taje miki kai, sai ta tsince abin da ya zube, daga mataji da tabarma har zanen jikinta, ta dunƙule ta sa miki a tafin hannu, ki je ki binne abinki. An taɓa aiko mata da turmin atamfa don ta ɓoye na wata amarya. Da muciya ta raka 'yar aiken har ƙofar gida.

To, ana nan sai ga Malama Hawwa'u. Daga wata jami'a ta zo, tana binciken da za ta sami digirin dokta da shi. Ina zaune a gaban Zulai an yi min rabin kai lokacin da ta yi sallama, don haka da kunnena na ji bayaninta. Ta ce a kan zaiba take aiki, farin ruwan nan mai nauyi da masu haƙa ke cuɗawa da garin dutse don ya kamo zinari, sannan su ƙona shi a wuta zinarin ya rage. Hayaƙin ba ya da wari, in ji ta, amma yana shiga jiki ya taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa da ɗan da ke ciki. An auna maza a wuraren aiki, amma ba wanda ya san halin matan da ke cikin gida. Gashi kuwa yana riƙe alamar abin da jiki ya sha, shi ya sa take son ɗan kaɗan daga kowace mace.

Matsalarta hanya ce. Saboda 'yan bindiga, jami'arsu ta hana ta kwana a Anka, dole ta juya kafin la'asar, kuma ba kullum ake barin ta zo ba. Wani ya ba ta shawara ta nemi mai kitso. Ta fito da almakashi da zare da ɗaurin ambulan, ta nuna yadda ake yi: a yanko daga ƙeya dab da fata, kaurin tsinken ashana, a ɗaure a sa a ambulan, kowace mace da nata. Fararen ambulan na 'yan mata da amare, masu ruwan ƙasa na manya. Ta nanata cewa sai mace ta ji bayani ta ce ta yarda.

Zulai ta ce, "To."

Da baƙuwar ta fita na juyo, har kitson ya kuɓuce mata. Na ce, "Ke Zulai, kin san abin da kika amsa kuwa?"

Ta mayar min da kai da ƙarfi ta ce, "Irin waɗanga mutane sunka tada min Nazifi. Da wane baki zan ce musu a'a?"

A kan Iya Zulai ta fara gwadawa, tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayanmu, wadda maganarta ke yawo a unguwa kafin ta rufe baki. Ko rabin bayanin ba ta kai ba Iya ta miƙe da kai a tsefe, ta janyo kallabi ta ɗaura.

"Gashina za ki ba baƙuwa ta tafi da shi birni? Zulai, ashe haka kike?"

Sai da Zulai ta rantse wasa take yi, sannan Iya ta koma ta zauna, tana hararar tabarma. Daga ranar ban sake jin Zulai ta tambayi kowa ba. Amma bayan wasu makonni na ga ta miƙa wa direban motar kasuwa ɗaurin ambulan ɗin, cike, ya kai wa Malama. Wallahi na zaci gashinmu ne a ciki. Sai na koma tsince nawa da hannuna kafin ta kai hannu, ita kuma ta gani ta yi kamar ba ta gani ba.

Bayan kaka Malama Hawwa'u ta dawo. Ta roƙi matar mai unguwa ta tara mata, muka cika tsakar gidan, wasu da goyo, wasu da ƙullin tuwo a hannu. Malama ta tsaya, fuskarta ba walwala. Ta fara da cewa tana gode wa duk matan da suka yarda suka ba da gashinsu, kuma sakamakon da ya fito ya tayar mata da hankali.

Ba ta kai ga sakamakon ba. Inna lillahi! Tsakar gidan ya kaure. "Gashin wa?" "Wa ta ba da?" "Ni dai ba a tambaye ni ba!" Kowa ta dafe kallabinta kamar yanzu za a fizge. Iya ta nuna Zulai da yatsa ta ce ai ita ta san za a yi haka, ta ce shekara da shekaru muna miƙa mata kawunanmu ashe sayar da mu take. Wata amarya ta fashe da kuka, wai shi ya sa tun biki take fama da ciwon kai. Ni kaina da nake maƙwabciyarta ban kare ta ba.

Zulai ta tashi daga inda take zaune kusa da randa. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Hannu ta kai ta kwance kallabinta ta riƙe.

Zulai mace ce mai suma, irin wadda in ta tsefe take sauka har kafaɗa. Abin da muka gani ranar kamar gonar da awaki suka shiga. Ƙeyar gaba ɗaya a gwaigwaye take, gefe da gefe duk gurbi, wani wuri ya fara tohowa, wani har fata. Kowane ambulan, fari da mai ruwan ƙasa, daga kanta ta cika shi.

Ta ce, "Ku duba da kyau. Ko sili guda na ɗayanku bai bar gidana ba."

Malama Hawwa'u ta nemi turmi ta zauna a kai. Ta ce, "Shi ya sa." Ashe abin ya daɗe yana damunta: yarinya da tsohuwa duk awo ɗaya suke bayarwa, har ta sa aka sake gwajin, tana zaton na'ura ce ta lalace. Aikin da ta yi watanni tana yi ya tashi a banza, kuma ba ta ɓoye ɓacin ranta ba.

Ta ce, "Haba Inna! Da kin ce min sun ƙi, ai da ya fi min. Ƙin ma abu ne da zan rubuta." Ta sake kallon kan Zulai, sai muryarta ta sauka. "Wa ke ƙona zinari a gidanki?"

Nazifi ne. Tun da ya fara bin masu haƙa, tsoron a san yana da abu a hannu ya sa yake shigowa da shi gida, ya ƙona a murhun uwarsa cikin ɗakin girki, ƙofa a saye. Ita kuma a nan take tuƙa tuwo bayan ya gama. Malama ta ce zaibar da ke jikin Zulai ta yi yawa ƙwarai, dole a je asibiti a auna fitsarinta da na yaron, kuma daga yau kada a sake ƙonawa a cikin gida.

Zulai ta gyaɗa kai. Tana mayar da kallabi ta nuna mu da haɓa ta ce, "To su waɗanga lafiya lau suke ke nan?"

Malama ta ce, "Ban sani ba, Inna. Ba wadda aka auna a cikinsu."

Makon da ya biyo baya, gidan Zulai ya cika fiye da jajibirin Salla. Har daga wasu unguwanni ake zuwa ganin matar da ta aske kanta don kada ta ci amanar mutane. Iya da kanta ta kawo mata man shanu a ƙoƙo, wai yana sa gashi ya fito, kuma ta fi kowa ba da labarin, kamar ba ita ta nuna yatsa ba. An kai Zulai asibiti, an ba ta magani, Nazifi ya koma ƙonawa a bayan gari. Na zaci magana ta ƙare da daɗi.

Zulai ce ba ta bari ta ƙare ba. Yabon bai shige ta ba ko kaɗan, ina ganin haka a fuskarta. Ta sa Nazifi ya kira mata Malama a waya, ta roƙi a sake aiko ambulan. Malama ta yi jinkiri, sannan ta yarda, da sharaɗin kowace mace ta yanke da hannunta. Daga nan duk wadda ta zauna a gaban Zulai, in ta san ana ƙonawa a gidansu, sai ta faɗa mata gaskiya ta tambaye ta. Ba ta cewa wasa take.

Kaɗan sun ba da. Da yawa sun ce sai sun tambayi maigida, ba su dawo ba. Iya ta koma wurin wata yarinya mai kitso a tsallaken kwalbati, tana cewa Zulai ta zama ma'aikaciyar jami'a. Ranar Alhamis, wadda a da sai an yi layi har zaure, yanzu tabarma ɗaya ta ishe mu. Abin yana min ciwo, don da kitson nan take ci.

Alhamis ɗin da ta wuce na ce mata, "Zulai, kina korar mutanenki da bakinki. Da ƙyar kika dawo da su."

Ta ce, "Na sani."

Ta ƙarasa min layin ƙarshe, ta shafa mai a goshi, sannan ta ɗauko almakashi ta ajiye a kan gwiwata.

"Ramlatu, Isa mijinki a ɗakinku yake ƙonawa. Ina jin shi yana fifita gawayi ta bayan katanga, kuma ciki gare ki. In kin so ki yanke, in ba ki so ba ki tashi, ba zan ji haushi ba."

Na daɗe ina kallon almakashin. Sannan na ce ta riƙe min madubi, don ba na ganin ƙeyata.