Mutumin da Ya Koya wa Kwaɗo Numfashi

Kafin ƙarfe bakwai yake isa asibitin yara. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya ɗauki jakar kayan aiki, ya bi ɗaki-ɗaki yana duba na'urori. Shekara talatin da ɗaya ke nan. A takarda ma'aikacin gyara ne, amma daga likita har mai shara ba mai kiransa sai da Baban Kwaɗo. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Kwaɗon na roba ne, kore, a kan teburin ɗakin masu ciwon asma. Shi ya ƙera shi shekara shida baya, da ya gaji da ganin yara suna kuka suna ture maganin shaƙa. A cikinsa akwai ɗan allon lantarki da bai fi akwatin ashana ba, wanda ke umartar wani ɗan inji ya kumbura tumbin kwaɗon ko ya saki. Daga lasifika kuma muryar babbar nas ce ke fita: ja numfashi, riƙe, ɗaya, biyu, har goma, saki. Yaro ya kalli tumbin, ya yi yadda ya yi.

Farkon watan nan babbar nas ta lura da wata yarinya 'yar shekara biyar, wadda ba ta yarda da magani sai a gaban kwaɗon. Ƙirga na kaiwa bakwai take sakin numfashi, don tumbin ya riga muryar. Yara ido suke bi, ba kunne ba, maganin kuwa bai samu ya zauna a ƙirji ba.

"Baba, ɗanka ya fara gaggawa," in ji ta. "Sito zan sa a kai shi."

"Ke ce kika tsufa, Sista, ba ki iya bin yaro."

"Ba wasa nake ba. Sau biyu ana dawo da yarinyar nan a mako ɗaya."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Ba ni kwana uku," ya ce.

Yini guda ya yi da agogo a hannu kafin ya gano matsalar. Tun da aka canza na'urar da ke kunna muryar, ita da allon kowa lokacinsa yake ƙirgawa. Da safe tare suke tashi, kowane zagaye su ɗan rabu, kafin azahar tazarar ta kai sakan uku. Abokin aikinsa ya ce abu mai sauƙi ne, a riƙa kashewa ana kunnawa duk awa.

"Bayan na tafi wa zai tuna? Kai da ke manta inda ka ajiye tabarau?" in ji Baba.

Sai ya raba sautin gida biyu. Muryar ta bi hanya ɗaya zuwa lasifika. A ɗaya hanyar ya dasa 'yar ƙara daidai kan kowane "ja", kowane "riƙe", kowane "saki", wadda allon kaɗai ke ji. Kwaɗon ya daina ƙirga wa kansa, sai ya jira a ce masa. Kunnen Baba ya yi rauni, ba ya kama farkon kalma. Mai shara ta ga yadda ya yi: ya ɗora babban yatsa a kan lasifika, ya rufe ido, inda ya ji rawar murya nan ya sa alama. In ta kauce ya goge, ya sake.

A rana ta uku aka bar kwaɗon yana aiki tun safe. Da la'asar aka kawo yarinyar. Ta ja, ta riƙe, kumatunta a cike, uwarta tana motsa baki tana ƙirgawa.

"Sista, ta kai goma," in ji uwar a hankali.

Baba, kai ne ka ƙi barin gyaran da ya dogara da tunawar wani, alhali saura maka mako uku, kuma da ka kau da kai ba mai tuhumarka. Kai ne ka zana hanyar wayoyin a cikin murfin kwaɗon, ka zaunar da nas biyu har suka iya. Mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya, ya ba ka numfashi mai tsawo.

Mu da muka rage a bakin aiki, kowa yana da abin da yake lallaɓawa da kashewa da kunnawa. Mu zauna mu gyara shi tun muna nan, don wanda zai zo bayanmu bai san a nawa yarinya ke sakin numfashi ba.